Ƙwarar da Ban Kashe Ba

Kakata ta wajen uba man kaɗe take yi. Iya muke ce mata, mu da Baba da duk unguwa. A wani ƙauye wajen Kumbashi aka haife ta, aure ya kawo ta Kontagora tun tana budurwa, amma har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Takan ce wa mace “shi”, ta ce wa namiji “ita”, in muka yi dariya ta ce ai dai mun gane wanda take nufi. A nan zan miƙe mata maganar don kada mai karatu ya sha wahala. Lokacin da nake ba da labari ba a yanke jihar Neja ba tukuna, daga Sakkwato ake mulkinmu, ni kuma ina aji uku a makarantar kwana ta ’yan mata, ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Aikin man kaɗe ba na rago ba ne. Da damina ta kankama kaɗanya takan fara zuba a daji, matan ƙauye su tsinto, a cinye naman ko a bar shi ya ruɓe, su kawo wa Iya ƙwarar a kwanduna. Ita za ta dafa ta da ɓawonta, ta shanya, a fasa, a sake shanyawa, sannan a daka, a soya, a niƙa a dutse. Daga nan sai ta zauna da babbar ƙwarya tsakanin ƙafafunta, tana bugawa da hannu tana ɗiga ruwa, har farar kumfa ta taso sama. Wannan kumfar ake kwashewa a narka a tace, a bar ta ta daskare. Man Iya ba ya wari, ba ya kartar maƙogwaro. Ana miya da shi, ana toya ƙosai, ungozomomi na shafa wa jarirai a cibiya. Har daga Sahon Rami mata kan yo aike, Musulmi da Kirista, su ce na Iya suke so, kada a haɗa musu da na kowa.

Baba ba ya son aikin nan. Ma’aikacin ofis ne mai keke da agogo, yana ganin mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa. Amma in za a yi masa adalci, ba kunya kaɗai ba ce. Yanar ido ta fara rufe idon Iya, kuma a daminar da ta wuce zaninta ya kama wuta a bakin murhu, sai da Inna, mahaifiyata, ta watsa mata ruwan tulu.

“Iya, ki huta haka nan,” in ji shi. “Me kika rasa a gidan nan?”

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma amsa masa kai tsaye. Ta wajena take biyo da amsar. Malama take ce mini tun ranar da na shiga makaranta, kuma ba don girmamawa ba.

“Malama, gaya wa ubanki ba da ido ake yin mai ba.”

Haka suka yi ta yi har ranar da ta gaji. Ta dubi bango ta ce, “Ranar da man da na yi ya ɓaci, ya zo ya ɗauke tukunyar, ba zan ce uffan ba.” Baba mutum ne mai riƙe magana kamar an sa mata hannu a takarda. Daga ranar kowa a gidan ya san yadda abin yake: muddin man na fitowa da kyau aikin na Iya ne, ranar da ya ɓaci kuma shi ke nan.

Iya ba ta cewa dafa ƙwara. Kashe ƙwara take cewa. Ni kuwa a lokacin gyara wa mutane magana shi ne sana’ata.

“Haba Iya, ana kashe wuta, ana kashe maciji. Ƙwara dafawa ake yi.”

“Tana da rai, tana da baki. In ba ki kashe ta ba, ita za ta riga ki cin man.”

Na yi dariya har da riƙe ciki. “Ina bakin yake? Nuna mini.”

“Ke fara nuna mini ƙwayoyin cutar nan da kika hana mu sakat a kansu.”

Ta kama ni a nan, don tun da na dawo hutu nake bin randunan gidan ina rufewa ina wa’azi.

Kwana uku da wannan hirar aka aiko ƙanenta ya rasu a ƙauye. A safiyar nan kuma, kamar an shirya, matan daji suka sauke mata ƙwara kwando shida, mafi yawa da ta samu a shekarar. Inna ’yar cikin gari ce, ba ta taɓa sa hannu a aikin ba, ga shi tana jego. Saura ni. Iya ta ɗaure ƙunshinta, ta tsaya a kaina.

“Malama, yau za ki kashe ta, ba gobe ba. Ki bar ruwan ya yi ta tsalle har ki gaji da kallonsa. In kin kwashe ki baza, kada ki tara.”

“Na ji, Iya.”

“Da kunne kika ji.”

Baba ya raka ta tasha, ta hau motar Kasuwan Garba, daga can kuma sai ƙafa.

Ranar ruwa aka wuni ana yi. Itacen duk ya jiƙe. Na ɗora babbar tukunyar ƙarfen a ƙarƙashin rumfa, na durƙusa ina hura wuta, hayaƙi na shiga mini ido da hanci, ’yar aji uku guda da majina har haɓa. Har la’asar ruwan bai yi tsalle ba, tururi kawai yake yi. Na tsoma yatsa, na ji zafin ruwan wanka. A nan ne ilimina ya kawo mini ɗauki. Na tuna malamarmu ta girke-girke ta ce madara ba sai ta tafasa ba, in aka ɗumama ta aka bar ta ta jima a haka, ƙwayoyin cutar za su mutu. Na riƙe “ba sai ta tafasa ba” daram. Abin da ban riƙe ba shi ne yawan zafin da ta faɗa. Na ce a raina ai dama dalilin dafa ƙwara ke nan, Iya ce dai ba ta san sunan abin da take kashewa ba. Tunda zafin bai kai ba, sai in rama da daɗewa. Zubi uku na yi tsakanin ranar da washegari, kowanne na bar shi ya sha ruwan ɗumi ya ƙoshi.

Ruwan sama bai ɗauke ba, babu wurin shanya. Na tara ƙwarar a kusurwar zaure, na rufe da buhuna don kada awaki su watsa ta. Kwana uku tana nan. Da na cusa hannu cikin tsibin na ji ɗumi, har daɗi na ji, wai a tunanina bushewa take yi da kanta.

Abin da ke faruwa a cikin tsibin nan sai bayan shekaru na san shi, lokacin da karatu ya kai ni ga sinadaran jikin masu rai, na kuma shafe rayuwata ina koyar da su. Man da ke cikin ƙwara ba don mu aka ajiye shi ba, guzurin tsiro ne. Kowace ƙwayar zarra ta man nan kai ɗaya gare ta da jela uku, kuma tsiro ba ya iya amfani da ita sai an yanke jelolin. Mai yankan wani furotin ne daga cikin waɗanda ake kira enzayim, wato masu hanzarta aiki a jikin mai rai. Ƙwara na da nata, funfunar da ke hawa jiƙaƙƙiyar ƙwara ita ma tana zuwa da nata. Jelolin da aka yanke su ne ke kartar maƙogwaro, su ne kuma ke saurin jawo wari.

Wannan mayanki dogon zare ne da ya naɗe kansa ya zama dunƙule, kuma duk aikinsa a naɗin yake. Naɗin ne ya bar wani kwarmi a jikinsa, daidai faɗin jelar mai, bangon kwarmin kuma na son mai ne, ba na son ruwa ba, shi ya sa jelar ke zamewa ciki ta zauna. A gindin kwarmin akwai wasu gaɓoɓi uku da ke yin yankan tare: ɗaya ta kama jelar, ta biyu ta ƙarfafa ta wajen kamawa, ta uku ta tallafi ta biyu, sannan ɗigon ruwa ya shigo ya ƙarasa rabawar. In aka warware zaren aka miƙe shi, gaɓoɓin nan uku nesa suke da juna, naɗi ne kaɗai ya haɗa su wuri guda. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayanka har murfi gare su a bakin kwarmin. A cikin ruwa zalla murfin a rufe yake. Sai inda ruwa ya haɗu da mai yake ɗagawa, cikinsa ya manne da man, hanya ta buɗe. Ranar da na fara ganin zanen wannan a mujallar bincike, na daɗe ina kallonsa, domin ko ɗan aji ɗaya ka nuna wa zai ce maka baki ne.

Tafasasshen ruwa yana warware naɗin, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa ba ya komawa. Kwarmin ya rushe, gaɓoɓin uku su rabu, zaren na nan amma babu abin da zai iya yankawa. Ruwan ɗumi kuwa ba ya warware komai. Sai ma ya jiƙa ƙwarar, ya kai ruwa gefen mai, ya ƙara wa aikin sauri. Da an ce mini in zauna in tsara hanyar da ta fi kowace lalata man kwando shida, ba zan wuce abin da na yi ba: ɗumi, laima, duhu, kwana uku.

Ranar da Iya ta dawo, kwana takwas da tafiyarta, rana ta riga ta fito, na baza ƙwarar a tsakar gida. Ko ƙunshinta ba ta ajiye ba ta tsuguna, ta ɗebi cikin hannu ta girgiza a kunnenta.

“Kin kashe ta?”

“Na kashe, Iya.”

A lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba. Sai da muka zo fasawa ta zama ƙarya. Ni ke fasawa saboda idonta, ita tana gefe tana tara waɗanda na miƙa mata. Na fara ganin wasu da ɗan farin tsiro ya leƙo, wasu cikinsu ya yi baƙi, wasu da funfuna. Ƙwarar da aka kashe ba ta tsiro, wannan ko ni na sani. Na riƙa zare munanan ina cusawa a haɓar zanina, in na tashi in zubar a bola bayan gida. Kwana biyu ina wannan aikin, ina gaya wa kaina in na tsince marasa kyau sauran za su yi daidai.

Wajen suya Iya ta ɗaga kai ta shaƙi ƙamshin, ta ce damina ta yi wa ƙwarar bana yawa. Wajen bugu kumfar ta yi nawar tasowa, da ta taso kuma ba ta kai yadda ta saba ba. Ta narka, ta tace, ta zuba a ƙore.

Washegari da hantsi ta buɗe ƙwaryar farko. Ta lakato da yatsa ta ɗora a harshe. Ta sha ruwa, ta kurkure baki, ta buɗe ta biyu, ta uku. Sannan ta kira Inna ta miƙa mata. Inna ta ɗanɗana, ta yi gyaran murya sau biyu.

“Yana ɗan karta, Iya.”

“Ba ɗan ba ne.”

Ina tsaye da tsintsiya a hannu, ina jiran ta juyo kaina. Ba ta juyo ba. Ta tambaye ni sau ɗaya na ba ta amsa, a wajenta an gama da wannan. Kanta ta shiga tuhuma, a fili, tana magana ita kaɗai.

“Ko na ƙona ta wajen suya? Ban ga launinta ba. Da ina gani. Ko ruwan bugun ne na cika?”

Kalma biyar ta ishe ni a lokacin: Iya, ban kashe ta ba. Ban faɗa ba. Ina tsoron Baba, gaskiya ne, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne ba zan iya tsayawa gaban matar da nake gyara wa Hausa in ce ita ce da gaskiya ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

Da Baba ya dawo cin abincin rana Inna ta gaya masa. Ya ɗanɗana shi ma. Bai yi murna ba, ban taɓa ɗora masa wannan ba. Ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ya ce a hankali, “Iya, ke kika faɗa.”

Ta dubi bango ta ce, “Na faɗa.”

Da yamma aka kai tukunyar gidan wata mai girkin biki a bayan layinmu. Man kuma aka ba masu sabulun salo, don su irin wannan ma ya fi yi musu. Bayan kwana huɗu na koma makaranta, har Iya ta ba ni ƙuli-ƙuli a ƙunshi.

Na dawo hutun ƙarshen shekara na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Ta yi tsaf, kaushin hannunta ya tafi, Baba ya saya mata sababbin zannuwa. Mata na zuwa jefi-jefi neman mai, ta ce da su, “Na tsufa, ku je wajen wata.” Da safe tana zaune, da rana ta matsa inuwa, da yamma ta dawo. Ba ta rashin lafiya. Ba ta tsokanata kuma, in na gaishe ta sai ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙuwa mai mutunci. Na yi mako guda ina kewaya ta.

Wata safiya ta ce in yanke mata farce. Na zauna na ɗauki hannunta na dama da reza. Wataƙila don ba sai na kalli fuskarta ba ne bakina ya buɗe.

“Iya, ƙwarar nan ban kashe ta ba. Ruwan bai tafasa ba.”

Hannun bai motsa ba.

“Kin sa hannu a ruwan?”

“Na sa.”

“Kin jima?”

“Na jima.”

“Da kika kwashe fa?”

“Na tara a zaure. Kwana uku.”

“Wajen fasawa kin ga tsiro.”

Wannan ba tambaya ba ce, amma na amsa. Na ce na gani, na zubar a bola. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, har mari na shirya wa. Na gama yatsu biyar ɗin. Sannan ta yi magana, da muryar da take yi wa masu kawo ƙwara ciniki.

“Wata huɗu ke nan, kullum in na idar da asuba sai in bi aikin nan a kaina tun daga kwando har ƙwarya, ina neman inda na ɓata. Ban samu ba. Sai na ce to, ashe har wurin ɓatan ma na daina gani.”

Ta miƙo mini hannun hagu. Na yanke, da ƙyar nake ganin farcen.

Ranar na gaya wa Baba. Ya dube ni ya daɗe, bai ɗaga murya ba, ya ce kawai, “Kin kyauta.” Ya tafi da kansa gidan mai girkin biki, ya ɗauro tukunyar a bayan keke, yana tura keken a ƙasa, a gaban duk mutanen da yake jin kunya. Ya ajiye ta a bakin murhu, ya tsuguna ya ba uwarsa haƙuri. Ta ce in gaya masa babu komai.

Da damina ta zagayo ina gida hutu. Na sa an tanadi busasshen itace tun da wuri, na jera shi a rumfa da hannuna. Matan daji suka zo da kwanduna, don labari ya kai musu Iya za ta koma aiki. Ta fito, ta tsuguna, ta ɗebi ƙwara ta juya ta a tafin hannu, ta shinshina, ta daɗe a haka. Sai ta mayar cikin kwandon, ta kakkaɓe hannu, ta kwatanta musu gidan wata mai yin mai a can gefen kasuwa.

Na bi ta har ƙofar ɗaki. “Iya, ai kin san ba ke ba ce. Ni ce.”

“Na sani, Malama. Amma yanzu in na ɗora a harshe sai na nemi wanda zai ɗanɗana mini. A da ba na nema.”

Ta yi shekara shida bayan nan, ba ta ƙara yin mai ba.